Kaskar ƙudan zuma: yadda nake ƙirga ta da abin da nake yi mata

Kaskar da masana ke kira Varroa ja ce, faɗinta bai kai milimita 2 ba, ƙafafunta takwas. Akwai wani ƙwaro mai ƙafa shida da ke maƙalewa jikin sarauniya, wannan ba kaskar ba ce, kada a saya masa magani.

Ba na sa komai a akwati sai na ƙirga. Nakan kaɗo ƙuda daga saƙar da ke da 'ya'ya, bayan na tabbatar sarauniya ba ta ciki, in ɗebi rabin kofi, kimanin ƙuda 300 ke nan, in zuba a kwalba mai murfin raga. In barbaɗa cokali biyu na sukarin da na niƙa ya yi laushi, in jujjuya, in ajiye a inuwa minti biyu, sannan in kife ta in girgiza a kan farin faranti mai ɗan ruwa. Sukari zai narke, kaska ta fito fili, ƙuda kuma su koma gida da ransu. Da damina garin sukarin yakan dunƙule, sai ƙirgar ta yi ƙasa da gaskiya, shi ya sa nake niƙa shi a ranar. In kaskar da na ƙirga ba ta kai 9 ba, rufe akwati nake yi in tafi. Ƙudanmu na nan suna tone ɗakin da ya kamu da kansu, wato ramin saƙa da ɗa ke girma a ciki, yawancin akwatuna ba su buƙatar komai.

In ta wuce haka, wuƙa nake fara ɗauka. Kaska ta fi son ɗakunan maza, domin namiji yana kwana 24 kafin ya fito, ma'aikaciya kuwa 21. Ɗakunansu sun fi faɗi, murfinsu a tashe, galibi a bakin saƙa ta ƙasa. Da an rufe su sai in yanke in watsa wa kaji. Jinkiri shi ne haɗarin: in suka ƙyanƙyashe, da hannunka ka kiwata kaska. Wannan sai a akwatin Kenya ko Langstroth, amyar kara da ke kan ɗorawa ba ta ba ka damar ɗaga saƙa.

Taimol, maganin kaska da ake samu daga ganyen tayim, ba na kusantar sa a Maris da Afrilu. Zafin Zariya yana wuce digiri 35, tururinsa ya yi ƙarfi, ƙuda su bar maka akwati wayam. Ga shi lokacin ɗiban zuma ne, warinsa na kama ta.

Sinadarin okzalik ya fi mini sauƙi: giram 35 a lita ɗaya ta ruwan sukari, a ɗiga mililita 5 da sirinji tsakanin kowace saƙa biyu, da safar hannu da tabarau. Ba ya ratsa murfin ɗaki, don haka nake sa shi a makon farko da sabon taron ƙuda ya shiga akwati, kafin su fara rufe 'ya'ya, kuma sau ɗaya tak.