Ba'amurken da Japanawa suka zana, da abin da fassara ta yi masa

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a, lokacin da kowa ke neman batun kundin kammala karatu, abokaina suka rungumi fassarar labaran rediyo da takardun kotu. Ni kuwa na ce zan duba labaran zane na Japan da ake sakawa a intanet, waɗanda aka mayar da su Turanci, in ga yadda suke nuna mutumin Amurka. Tun ina sakandare nake karanta su a waya, kuma a lokacin ko harafi ɗaya na Japananci ban sani ba. Duk abin da na ji, ta bakin masu fassara na ji shi.

Wanda na fi riƙewa shi ne Hetalia na Hidekaz Himaruya. A shafinsa na intanet ya fara sakinsa a 2006, yana ɗalibi a New York. An buga shi littafi a Japan a 2008, sannan kamfanin Tokyopop ya fitar da na Turanci a 2010. Kowace ƙasa a cikinsa mutum ce mai hali da ɗabi'a. Amurka saurayi ne mai gashi ruwan zinare da shuɗayen idanu, da tabarau, da jaket irin ta matuƙan jiragen yaƙi mai lamba 50 a baya, adadin jihohin ƙasar. Hambaga ba ta rabuwa da hannunsa, ko ana tsakiyar taro da baki cike yake magana. Duk shawarar da ya kawo, shi ne gwarzo, saura kuma su mara masa baya.

Na zauna na tsara jadawali mai kyau: sau nawa ya ci abinci, sau nawa ya ɗaga murya, sau nawa ya katse wani. Na kai wa malamin da ke duba aikina, ina jin na kama bakin zaren.

"Allah ya gafarta Malam, ga babi na biyu."

Ya karanta shiru, ya cire tabarau, ya ce, "Ɗana, ka ƙirga hambaga, ka ƙirga ihu, ka yi ƙoƙari. To, da wane irin harshe wannan yaron yake magana kafin a kawo maka shi da Turanci?"

Na rasa amsa. Hutun da ya biyo baya kaf a kan haruffan Japananci na ƙarar da shi, kuma a nan ne aikin ya fara da gaske.

Japanawa da tsarin rubutu uku suke aiki a jimla guda: kanji da suka aro daga Sin, da hiragana, da katakana. Katakana masu kusurwa ne, kuma da su ake rubuta kalmomin aro da sunayen ƙasashen waje. Mai zane idan yana so ka san baƙo ne ke magana, sai ya rubuta maganarsa da katakana a inda ɗan ƙasa zai yi amfani da hiragana, ko ya ja ƙarshen jimlar, "desu" ta koma "deesu". Kafin mai karatu ya fahimci abin da aka ce, idonsa ya riga ya gaya masa wannan ba ɗan gida ba ne. Wani masanin harshe, Satoshi Kinsui, ya yi littafi a 2003 a kan abin da ya kira yakuwarigo, wato harshen da ake liƙa wa kowane irin mutum a labari: tsohon masani da nasa, 'yar masu kuɗi da nata, baƙo da nasa. Ba kasafai ake jin mai magana haka a titin Tokyo ba, amma kowa ya ji ya san wa ake nufi. Da na karanta wannan sai na tuna wasannin kwaikwayonmu, inda ake sa Bature ko Bagwari ya ce "ta zo" a wurin "ya zo", mu kuma mu gane shi tun bai gama jimlar ba.

Amurkan Hetalia dai ba gurɓataccen Japananci yake yi ba, kuma wannan ne ya fi ɗaure min kai. Japanancinsa lafiya lau ne, sai dai na wani kalar mutum ne. Yana kiran kansa "ore", kalmar da namiji ke amfani da ita cikin isa ko tsakanin tsararraki, yana rufe jimlolinsa da "da zo", kamar mai buga tebur. Japan kuma "watashi" yake cewa, da ladabi, ko da wa yake magana. Wata masaniya, Momoko Nakamura, ta nuna a littafinta na 2013 cewa masu fassara fina-finai da littattafan Yamma sun ƙirƙiri wani Japananci na musamman da suke sa wa mazan Turawa a baki, mai gaisuwa da "yaa" da rufe zance da "sa", salon sakin jiki da Bajapane na gaske bai cika amfani da shi ba. A kunnena, Amurkan Himaruya ɗan wannan gida ne. Muryarsa muryar jarumin fim ɗin Hollywood ce bayan an juye shi zuwa Japananci. Ashe tun kafin ya iso hannuna ya riga ya bi ta hannun masu fassara sau ɗaya, ni kuma a karo na biyu na same shi.

To, me ya saura idan aka mayar da shi Turanci? "Ore" da "watashi" duk kalma ɗaya suke zama. Katakana ba ta da takwara. Saurayin da aka gina don ya yi wa Bajapane kama da baƙo sai ya buɗe baki da harshen uwarsa, ya zama shi kaɗai ne ba ya buƙatar bayani. Abin ya fi fitowa fili a fim ɗin zanen da aka yi daga labarin, wanda kamfanin Funimation ya sa wa muryoyin Turanci a 2010. Jamus da Italiya da Faransa kowa an ba shi karin harshen ƙasarsa, Japan ma an sa shi yana Turanci da nauyin harshe, Amurka kuwa yana zuba zance sumul kamar ɗan unguwar mai kallo. A asali shi ne baƙon da ake leƙe ta taga. A fassara ya zama mai gida, Japan ya koma baƙo a labarin da ɗan ƙasarsa ya rubuta. Ban ga laifin masu fassarar ba, domin dole su zaɓi wani abu, kuma kowane zaɓi da abin da yake zubarwa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne na yi shekaru ina karatu ban san an juya min tagar ba.

Daga nan na koma kan jadawalina, na ga kowane layi na Amurka yana da kishiya a layin Japan. Wannan mai ihu ne, wancan mai shiru. Wannan yana faɗin abin da ke ransa, wancan sai ya ce zai yi tunani, alhali a'a yake nufi. Japanawa suna da wata magana, "karanta iska", wato ka lura da yanayin wuri ka san abin da ya dace ba tare da an faɗa maka ba, kusan abin da muke kira kara da sanin ya kamata. Babban aibin Amurka a labarin shi ne ba ya karanta iska. Wannan aibi ne a ma'aunin Japan, kuma sai wanda ya tashi da ma'aunin ne dariyar za ta kama sosai. Zanen ya fi ba ni labarin mai zanen da mutanensa fiye da labarin wani ɗan Ohio ko Alabama.

Hoton kuma ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A Yulin 1853 Matthew Perry, wani kwamandan sojan ruwan Amurka, ya iso gaɓar Uraga ta Japan da jiragen yaƙi 4, waɗanda Japanawa suka kira baƙaƙen jirage, ya nemi a buɗe ƙasar, a 1854 kuma aka buɗe masa tashoshin jiragen ruwa na Shimoda da Hakodate. Masu zanen lokacin sun fitar da shi da dogon hanci kamar aljani. Daga 1945 zuwa 1952 sojojin Amurka ne ke riƙe da ƙasar, kuma a cikin waɗannan shekarun yunwa jaridar Asahi ta riƙa buga zanen barkwancin Amurka mai suna Blondie, inda mutane ke ganin firji cike da abinci. McDonald's, gidan hambaga na Amurka, ya buɗe a unguwar Ginza ta Tokyo a 1971. Baƙon da ya shigo ba sallama, ya ci ka da yaƙi, sannan ya zo da abinci da kiɗa da fim: sha'awa da jin haushi a tukunya ɗaya suka dahu, kuma duka biyun suna fuskar saurayin mai tabarau.

Akwai wanda ba na gani a zanen. Amurka farar fata ne, kamar yadda aka saba zana Ba'amurke a irin waɗannan labarai, kamar babu baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka miliyoyi a ƙasar. Munin yaƙin duniya na biyu ma gefe ake bi a wuce shi. Matasan Amurka da yawa sun karɓi hoton hannu bibbiyu, har suna ɗinka jaket ɗin su sa a tarukan masoya zane. Koriya ta Kudu kuwa ba ta yi dariya ba. A farkon 2009 an yi ƙorafi mai zafi a can kan yadda aka zana ƙasarsu, har tashar talabijin da ta shirya nuna fim ɗin a Japan ta fasa, aka sake shi ta intanet da waya. Koriya ta zauna ƙarƙashin mulkin Japan daga 1910 zuwa 1945. Wasan Bafulatani da Babarbare yana tafiya ne don duka biyun sun amince su abokan wasa ne, kuma kowa na iya ramawa. Tsakanin Japan da Koriya ba a ƙulla wannan ba.

Daga ƙarshe Malam ya ce in fassara shafi ɗaya zuwa Hausa in liƙa a bayan kundin. Gidajen hoto 4 ne kacal a shafin, amma mako biyu suka ci min. Tun daga wakilin suna na fara tuntuɓe, domin a Hausa Amurka "ita" ce, a zanen kuma namiji ne. Na gwada sa masa Hausar Bature ta wasan kwaikwayo, na goge, don zai zama abin tausayi, shi kuwa ba haka yake ba. Na gwada cusa masa Turanci irin na 'yan boko, sai ya koma wani ɗan birni da na sani. A ƙarshe na ba shi Hausa tsantsa, amma na cire masa gaisuwa. Yana faɗowa taro ba sallama, yana ce wa Ingila, wanda ya raine shi, "kai" gatsal, ba Yaya ba Baba. Japan kuma na bar shi da "ku" da "ranka ya daɗe" har ga wanda bai kai shi shekaru ba.

Malam ya karanta shafin sau biyu, ya ja layi ƙarƙashin "kai" ɗin da jan biro, ya rubuta a gefe cewa in bayyana a babi na huɗu dalilin da ya sa na zaɓe ta da abin da na rasa saboda ita.