Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Karatu ta Gidan Waya

A makon jiya na tsaya a kan yadda Kawu ya cire ni daga sakandare ina aji uku, bayan rasuwar Baba, ya ce wanda ya bar aji ya bar shi ke nan, in je in nemi abin da zan riƙe Inna da ƙannena. Da wannan magana a kunnena na shiga masaƙa a Kakuri da ke Kaduna, kuma da ita na yi shekara shida a gaban injin saƙa.

A 1976 ne wani abokin aikina ya nuna mini tallar makarantun Ingila masu koyarwa ta gidan waya, irin su Rapid Results College da Wolsey Hall, waɗanda ke shirya mutum ya zauna jarrabawar GCE ba tare da ya taka aji ba. Na aika wa ɗayarsu wasiƙa, bayan 'yan makonni ɗan littafinsu ya iso da jerin darussa. Na daɗe ina kallon ɓangaren kimiyya, domin likita na so in zama tun ina firamare, amma kimiyya tana son ɗakin gwaji, ni kuwa ɗakin haya ɗaya gare ni da fitilar ƙwai. Sai na ɗauki Turanci da Lissafi, tunda in babu su takardar ba ta kai mutum nesa, na haɗa da Tarihi da Tattalin Arziki da Kasuwanci, waɗanda karatu da hadda kawai suke bukata. Har gobe ina jin zafin barin kimiyyar nan, kuma na san wanda ya jawo mini.

Darasi yakan zo a ambulan mai ruwan ƙasa, in amsa tambayoyin bayan na tashi daga aikin dare, in mayar, ya dawo da jan biron malamin da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Jikata da ke shirin jarrabawar NECO ta waje, wato ta waɗanda ba sa aji, a bana, darasi a wayarta yake iskar ta, ta kasa yarda cewa nakan jira wata guda kafin in san inda na yi kuskure a lissafi ɗaya.

Karon farko Lissafi ya kayar da ni, na biyu na tsallake. Ranar da sakamako ya fito na hau mota zuwa gida, na durƙusa na gaida Kawu, na miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya juya ta, ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da jan carbinsa.