Takalmin da aka fara gani a waya

Ana saura mako biyu Sallah na raka ƙanena kasuwar Wudil, wadda take ci ranar Juma'a, domin ya sayi takalmi. Bai tsaya duba kayan da aka baza a rumfa ba, sai ya ciro waya ya nuna wa mai rumfar hoton wani sau-ciki da ya gani a WhatsApp, ya ce: "Alhaji, irin wannan nake so, kuma na san kuɗinsa."

A da mutumin ƙauye yakan shiga kasuwa ne bai san farashi ba, ya taya a ce masa albarka, ya ƙara har a sallama. Yanzu kuwa yakan zo da farashin a aljihunsa, domin masu talla a Facebook da TikTok sun riga sun sa masa shi a rai tun yana gida. Sai dai kuɗin da ake rubutawa a ƙarƙashin hoto ba ya haɗawa da na direban da zai ɗauko kayan daga Kano, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kan cinye rangwamen da ya ja hankalin mai saye tun farko. Ƙarancin takardun naira a farkon shekarar ne ya koya wa da yawa daga cikinmu tura kuɗi ta waya, shi ya sa biya kafin a ga kaya ya daina zama baƙon abu.

Abin da ya fi damuna shi ne hoto ba ya bambanta fatar da baduku ya ɗinka da robar da aka yi wa sheƙi, alhali ƙafar da za ta bi burji da caɓin damina ta san bambancin. Dattawanmu, waɗanda har gobe sai sun lanƙwasa takalmi sun duba ɗinkinsa, ba su cika faɗawa wannan tarko ba.

Mai rumfar, wanda yake saro kayansa a kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano, ya ƙi sayarwa a farashin wayar. Ƙanena ya gwada ƙafa uku, ya ɗauki wani daban da na hoton saboda shi ne bai matse shi ba. Kafin mu tashi, Alhajin ya karɓi lambarsa domin ya riƙa turo masa hotunan sababbin kaya.