A yatsa ake gane gem na ƙwarai

Tun kafin ido ya gama kallon zane, yatsa ya riga ya yanke hukunci a kan gem. Ka danna maɓalli, abin da ke kan allo ya motsa nan take ko ya yi nawa. Na'urar da ke fitar da hoto 60 a daƙiƙa tana ba kowane hoto kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. Idan jinkiri ya kai hoto biyar ko shida, sai ka ji ɗan wasa yana cewa pad, wato abin riƙewa mai maɓallan sarrafa gem, ya yi nauyi. Sau da yawa laifin talabijin ne, don tana tsayawa gyaran hoto kafin ta nuna shi. Masu gidan gem su duba saitin Game Mode, shi ke rage wannan jinkirin.

Super Mario Bros. na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a Japan a 1985, shi ne darasin da har yau ake komawa gare shi. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka tsara shi, Koji Kondo ya yi kiɗan. A kan takarda mai gida-gida suka zana matakan kafin a shigar da su kwamfuta. Dubi tsallen kawai: taɓa maɓalli kaɗan, tsalle gajere, riƙe shi, tsalle mai tsawo, haɗa da gudu, ka ƙetare rami mai faɗi. Maɓalli ɗaya ne, amma gwaninta a cikinsa hawa-hawa ce.

Matakin farko kuwa malami ne da ba ya magana. An ajiye Mario, tauraron gem ɗin, a hagu yana fuskantar dama, gabansa fili, don haka kowa ya san inda zai dosa. Abokin gaba na farko yana tahowa a hankali, dole ka koyi tsalle. Laimar kwaɗin da ke fitowa daga tubali tana bugun bututu ta dawo kanka a wurin da kauce mata ke da wuya, sai ka ga Mario ya girma, ka gane ashe alheri ce. Can gaba akwai tsauni biyu na tubali da ƙasa a tsakaninsu; sai ka gwada a nan kafin a kawo maka irinsu da rami na gaske. Duk wannan, matakai 32, a cikin kaset mai kilobayit 40. Matsin wuri har ya sa gajimare da ciyawa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya.

Gem ɗin Pac-Man na kamfanin Namco, 1980, aikin Toru Iwatani, dabararsa daban ce. Fatalwowi huɗun da ke farautar ɗan wasa ba halinsu ɗaya ba. Ja yana bin ka kai tsaye, mai ruwan hoda yana nufar wurin da ke taku huɗu a gabanka don ya tare hanya. Shi ya sa ake jin kamar sun haɗa baki.

Ina abin ke lalacewa? Gaggawa, galibi. Kamfanin Atari ya ba Howard Scott Warshaw kimanin mako biyar ya kammala gem ɗin E.T. don kasuwar Kirsimeti ta 1982. Ba a samu lokacin ba wa mutane su gwada ba, sai ga 'yan wasa suna ta faɗawa rami, su fito da kyar su sake komawa. Mutuwar cikin gem da ɗan wasa ya san kuskurensa ce takan sa ya sake gwadawa. Wadda bai san dalilinta ba, ajiye pad yake yi. Kasetocin da suka yi kwantai an binne su da sauran kayan kamfanin a Alamogordo, jihar New Mexico ta Amurka, a 1983, aka tono wasu a 2014.