Daga Katsina zuwa Tsibirin Kunkuru na Zanzibar

Mun taso daga Katsina da mota zuwa Kano, muka hau jirgin Ethiopian Airlines ta Adis Ababa, muka sauka Zanzibar, tsibirin ƙasar Tanzaniya. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizar Tanzaniya tun yana gida, ya riƙe katin rigakafin shawara, ga kuma inshorar dala 44 da aka wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024.

Yawon kwale-kwale zuwa tsibirin kunkurun wuni guda ne, ana tashi daga bakin ruwan Stone Town, tsohon garin Zanzibar, kusa da lambun Forodhani. Zango biyu ake yi: tsibirin Changuu, wanda aka fi sani da Prison Island, wato Tsibirin Kurkuku, da tudun yashin Nakupenda. Wanda za a fara da shi kuwa ruwa ne ke yanke hukunci. Teku na cikowa ya janye sau biyu a rana, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kullum. Nakupenda yashi ne tsantsa, babu ko bishiya, ruwa na cikowa yake shanye shi. A farkon wata da tsakiyarsa cikowar ta fi ƙarfi. Saboda haka kafin ciniki, tambayi mai jirgi ƙarfe nawa ruwa zai janye. Ka kuma sa ya nuna maka a agogo, domin mutanen nan daga shida na safe suke fara ƙirga awa, ƙarfe biyunsu takwas ɗinmu ne.

A cikin cinikin a fayyace komai: kuɗin shiga Changuu, abinci, rumfa, tabarau da bututun numfashi na kallon ƙarƙashin ruwa. Rigar ceto kuwa ka ƙirga da idonka, ka duba igiyoyinta, musamman ta yara. Mu 'yan tudu akasarinmu ba mu iya iyo ba, ba abin kunya ba ne a faɗa wa mai jirgi. Shiga jirgin ma sai an taka ruwa har gwiwa, don haka babbar riga da takalmi sau-ciki ba na nan ba ne. Waya da kuɗi a ƙulle su a leda.

Cikin kamar rabin awa muka isa Changuu. An gina kurkukun a 1893, amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cutar shawara. Abin kallon shi ne manya-manyan kunkuru 'yan asalin tsibirin Aldabra, waɗanda gwamnan Ingila na Seychelles ya aiko da guda huɗu a 1919. Wani ya haura kilo 200, an rubuta shekarunsa da fenti a bayan ƙoƙonsa. In ka sosa masa wuya sai ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa, ya zuro wuyan a hankali. Ba shi da haƙori, amma gefen bakinsa kaifi gare shi, a kula da yatsun yara. Awa ɗaya ta ishi wurin.

Nakupenda ta fi, a ganina. Masu jirgi suka kafa rumfa, suka gasa kifi da jatan lande a kan gawayi, ga abarba da kankana. Matsala biyu ce a nan. Ta farko rana: farin yashi yana dawo da ita fuska, iska kuma ta hana ka jin zafin sai dare. Ta biyu wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya, tana maƙale a duwatsun ƙarƙashin ruwa. Ƙayarta karyewa take a cikin tafin ƙafa, shi ya sa ake shiga da takalmin roba.

Azahar a nan ta same mu. Ruwan teku yana alwala, amma kada Bakatsine ya fuskanci gabas yadda ya saba: alƙiblar Zanzibar kusan arewa sak take.

A dawowa iska ta tashi, igiyar ruwa ta ƙaru, kamar yadda ta saba da rana, musamman daga Yuni zuwa Agusta. Mai jin jiri ya sha maganinsa awa guda kafin tashi, ya zauna tsakiyar jirgi yana kallon nesa. Damina mai ƙarfi kuwa daga Maris zuwa Mayu take, a kauce mata in da hali.