Ranar da ƙugiyoyin haruffa suka ɓace

Talata da dare.

Yau na shafe kusan rabin yini a kan aikin da na ɗauka ba zai wuce minti 5 ba, wato tura wa abokiyar aikina rahoto mai shafi 12. Da manhajar rubutu ta Word na rubuta shi, na kuma aika a tsarin DOCX, wato tsarin fayil na Word, kamar yadda na saba, sai ga shi ba a jima ba ta turo mini hoton abin da ya bayyana a tsohuwar kwamfutarta. Duk inda na rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, ɗan akwati ne ya fito a gurbinsa, har kalmar "ɗalibai" ta koma akwati da "alibai" a biye, jadawalin da na sha wahalar jerawa kuma ya tsallaka shafi na gaba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ƙugiya ce ke raba "ƙasa" da "kasa".

Da na natsu na gane inda gizo ke saƙar. Yawanci DOCX sunan salon haruffa kawai yake ɗauka, idan kuwa na'urar mai karɓa ba ta da wannan salo, sai ta musanya shi da wanda ta samu. Shi kuwa tsarin fayil na PDF, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1993 kafin ya zama ma'aunin ISO, hukumar ma'aunai ta duniya, a 2008, yana iya tafiya da haruffan a cikinsa, don haka shafi yakan isa yadda aka tsara shi. Akwai ma nau'insa na adana takardu, PDF/A, wanda ya wajabta hakan.

Na mayar da rahoton PDF, ya fito tsaf. Sai dai ta tuna mini cewa gyara za ta yi a sakin layi biyu, PDF kuwa ba don gyara aka yi shi ba. Tun farko ya kamata in tambaye ta ko karantawa za ta yi ko gyarawa.

Tunda da wata manhajar rubutu mai suna LibreOffice take aiki, na adana mata kwafi a ODT, tsarin fayil ɗin da wannan manhaja ke amfani da shi, bayan mun daidaita a kan salon haruffan da kowannenmu yake da shi. Ta gama gyaran da yamma, gobe da safe kuma PDF zan tura wa sauran abokan aiki, waɗanda karantawa kawai za su yi.