Mun kai Hajiya ganin ƙanƙara a Hocking Hills

Shawarar Yaya ce. Ya ce tun da Hajiya ta zo Amurka daga Kano ba ta san ko'ina ba sai falo da wurin likita da masallacin Juma'a, ga yara suna hutun ƙarshen shekara, gara mu tattara gaba ɗaya mu je daji mu kwana. Gida uku muka haɗu: mu, da iyalan Yaya, da ƙanwar maigidana da 'ya'yanta. Muka biya shagunan 'yan Somaliya a Columbus muka sayi naman rago na halal, muka ɗauki hanya mai lamba 33 zuwa garin Logan. Awa ɗaya da 'yan mintuna sai ga mu a Hocking Hills, gandun shaƙatawa na gwamnatin jihar Ohio.

Shiga kyauta ne. Babu shinge, babu mai yankar tikiti, babu mai leƙo kai ta tagar mota yana neman na goro. Haka duk gandayen jihar suke. Kwana ne ke cin kuɗi, kuma yana ci sosai. Ƙananan gidaje biyu muka kama a cikin gandun, kowanne da ɗakin kwana biyu, da kicin da tukwanensa, da banɗaki mai ruwan zafi. Da Hajiya ta matsa sai an faɗa mata kuɗin, Yaya ya juya mata shi zuwa naira, ta yi salati ta ce, "Yanzu ku da gidajenku, ku biya wannan don ku kwana a jeji?" Amma da aka kunna murhun gas na falo ta ja kujera kusa da shi, ba ta sake tayar da maganar ba. Abin da ya dame ta kawai, wuta babu hayaƙi babu toka.

Itace ne ya ɓata min rai. Doka ta hana tsintar ko da ƙirare a gandun, kuma ba sa son a kawo itace daga nesa saboda wani ƙwaro da ya kashe musu bishiyoyi masu yawa. Dole muka saya a wani shago a bakin hanya. Ɗan ƙullin da bai isa dafa tuwon gidan biki ko rabi ba, kuɗinsa kuma ba a magana. Mai shagon bai amsa gaisuwarmu ba, ido kawai ya kafa wa hijabin Hajiya har muka fita. A kasuwar Kurmi ko mai tsadar kaya ne zai ce maka sannu da zuwa. Duk da haka maza suka yi tsire a waje, hannuwa na rawa don sanyi, yajin da Hajiya ta zo da shi daga gida ya yi aikinsa.

Washegari muka je kogon da suke kira Ash Cave, don hanyarsa shimfiɗaɗɗiya ce, ko keken guragu yana bi. Ƙanƙara ta daskare a kanta, Hajiya na takawa da kyar tana riƙe da hannuna. Sai ga wata dattijuwa Baturiya ta tsaya, ta zauna a kan dutse, ta cire wasu ƙarafa masu haƙora da ke ɗaure a ƙasan takalminta, ta durƙusa da kanta ta ɗaura wa Hajiya. Na ce a'a, ita fa? Ta ce ta saba, nan aka haife ta. Hajiya ta dafa kafaɗar jikarta ta ce, "Faɗa mata Allah ya yi mata albarka, ya ba ta masu yi mata." Yarinyar ta yi ta kokawa da fassara, matar ta gane tun kafin ta gama.

Kogon kuwa, sai wanda ya gani. Dutse ne ya yi rumfa, faɗinsa ƙafa 700, tsayinsa wajen ƙafa 90, ƙasansa yashi busasshe. An ce Turawan farko da suka zo sun tarar da tarin toka a ciki, ta wutar da mutanen asalin ƙasar suka daɗe suna hurawa. Ruwan da ke zubowa daga saman dutsen ya daskare a ƙasa, ya tashi tsibi fari mai ɗan shuɗi, ya fi tsayin Yaya, ragowar ruwan na sauka a kansa. Hajiya ta cire safar hannu ta taɓa, ta ce, "Ikon Allah! Ruwa ya zama dutse." Da ƙyar muka raba ta da wurin.

A allon bayani muka karanta mata labarin Emma Gatewood, 'yar Ohio mai 'ya'ya 11, wadda a 1955, tana da shekara 67, ta taka hanyar duwatsun Appalachian mai fiye da mil 2,000 ita kaɗai. Hanyar mil shida da ta haɗa wannan kogo da wani kogon mai suna Old Man's Cave sunanta aka sa mata. Hajiya ta ce to ita ma gobe ba za a bar ta a ɗaki ba.

Darare su ne ribar tafiyar a wurina. Magariba na yi tun ƙarfe biyar da 'yan mintuna, sabis ɗin waya kuma sai an yi sa'a. Yaran da a gida ba ka jin bakinsu sai Turanci suka kewaye kakarsu da kofunan kunun gyaɗa. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Shiru. Sai da ta koya musu amsar, suka yi ta maimaita "Ta zo mu ji ta" suna dariya. Kafin mu bar wurin, autan Yaya yana kwaikwayon tsamin bakin Gizo, yana cewa "Kaka, ƙara ɗaya." Wannan kaɗai ya biya min kuɗin gidajen.

Old Man's Cave matakala ce da santsi, maza da manyan yara suka sauka, mu muka tsaya daga sama. Cedar Falls, wani wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse, mun leƙa a gurguje, shi ma ya daskare. Ranar tafiya muka share, muka kwashe shara, muka mayar da makullai. Yaya ya ƙi karɓar kasonmu na kuɗin, har yanzu maigidana yana binsa da shi.